Cikin Ɓawon Hano

"Kwana uku? Yarinyar da numfashinta ke fita kamar ana jan zare ta kafar allura ce za ta jira kwana uku?"

Haladu ne ke wannan magana, yana tsaye bakin ɗakin mahaifiyarsa da gizago a kafaɗa. Iya Tabawa ba ta ɗago kai daga ɗan turmin da take dakan saiwa ba. Shekara arba'in tana ba mutanen Tsaunin Gwanki magani, ba yau aka fara yi mata gardama ba. Ta sake faɗa masa abin da ta faɗa sau biyu. In ya isa wurin tsohon itacen hanon nan na kan dutse, ya yi masa sallama. Ya sassaƙi faɗin tafin hannu ta gabas, ya sassaƙi faɗin tafin hannu ta yamma, kada ya ƙara ko da farce. Ya dawo gida. Ran na uku a koma a kwashe ƙaron da itacen ya zubar, a shafe masa raunin da laka. Hayaƙin ƙaron ne zai buɗe ƙirjin 'yarsa Kyauta. Kafin nan akwai jiƙon da zai riƙe ta.

Haladu ya ce shi ya yi makaranta har aji shida na sakandare, bai ga shafin da aka zana kunnen itace ba. Daga ɗakin matarsa Hansai tarin 'yar tasu ya sake tashi, busasshe, kamar ana goga ƙwarya a ƙasa.

"Kai dai, wannan, yi abin da na ce," in ji Iya.

"Wannan." Ya maimaita kalmar a hankali. "Shekara talatin da ɗaya ina wannan."

Ya san dalili. Shi ne ɗan fari, kuma sunan surukinta aka sa masa. Kunya biyu ce ta haɗu a kansa, ba mace a garin da za ta buɗe baki ta kira irin wannan suna. Bai taɓa damuwa ba sai yau, da komai ke yi masa ciwo.

"Itace kina kiransa da sunansa, har da gaisuwa. Ni fa?"

Taɓaryar ta tsaya.

"Hano ba ni na haife shi ba."

Ya juya zai fita. Ta bi shi da magana cewa zamanin kakarta itacen nan ya taɓa haɗiye wani mai gaggawa, sai da uwarsa ta je gindinsa ta kira shi da sunansa na yanka sannan ya fito. Haladu ya yi wata 'yar dariya mara daɗi, ya ce to shi kam in an haɗiye shi ya zauna ke nan.

Hantsi ya yi kafin ya gama hawan dutsen. Hanon na tsaye shi kaɗai cikin tsagin dutse, ɓawonsa na saluɓewa kamar tsohuwar takarda. Bai yi sallama ba. Ya sara gabas, ya jira. Wani ɗan danshi fari ya tsattsafo, bai kai cikin cokali ba. Ya sara yamma, haka. Tarin Kyauta na cikin kunnensa. Ya ce a ransa in ƙofa biyu ba su isa ba, a buɗe gidan duka. Ya bi itacen da sara yana zagayawa, ɓawo na zuba a ƙafarsa, har ya rage wani siririn zare ta arewa, faɗin yatsa biyu, inda dutse ya tare gizagon.

Wani ɗigo ya taru a bakin saran. Ya kai yatsa ya dangwala. Yatsan ya ƙi dawowa.

Dutsen ya yi sama. Gizagon da ya faɗi ya zama kamar kwalekwale. Ɗigon ya kumbura ya fi shi tsawo, ya lulluɓe shi, ya ja shi ciki.

Ya sami kansa cikin wani dogon lungu mai rufi, ba farko ba ƙarshe, haskensa kalar man shanu. Wani ruwa mai kauri ya kai masa ƙirji, yana tafiya a hankali zuwa inda ya shigo. Bangon lungun, dama da hagu da sama, duk 'yan ɗakuna ne a jere kamar saƙar zuma. Ba ɗakin da ke da ƙofa. A cikin kowanne akwai wata 'yar mata durƙushe gaban tukunya tana juyawa. Abin da suke dafawa ba a kwashe shi. Ta jikin bango yake tsattsafowa kamar zufa, ya gangaro cikin lungun. Ba wadda ta dube shi. Hannayensu kawai ke sauri, irin saurin matan gidan da gobara ta kama.

Ya yi ƙoƙarin komawa. Kowace ƙafa ya ɗaga, ruwan ya ƙara riƙe ɗayar.

"Sannu da zuwa, abokin sana'a."

Wani ƙwaro ne, irin mai huda itace, girmansa ya kai na jaki. Ya daskare a jikin bango har wuya, bakinsa kaɗai ke motsi. Haladu ya ce shi ba abokin sana'arsa ba ne. Ƙwaron ya ce ai bambancin kaɗan ne, shi da baki ya huda, Haladu da ƙarfe, kuma shi ya fi uzuri tunda yunwa ce ta kawo shi. Damina biyu ke nan yana nan. Ya ba shi shawara kyauta: ya daina kokawa, don nan gidan mai kokawa ake fara bisnewa. Kada ya bi ruwa, ruwan zai kai shi bakin rauni, can ake daskarewa. Ya tari ruwa ya yi ciki, ya nemi mai gidan.

"Kuma in ka ga mutanen gidan, ka fara da abin da ka bari a waje."

Haladu ya ɗauka gizagon yake nufi.

Ya tari ruwa. Lungun ya rabu biyu, ya sake haɗewa. Wasu lungunan na miƙe sama, wasu na kwance suna shiga cikin itacen, duk a haɗe kamar hanyoyin tsohon birni. Ko'ina ɗakunan nan, ko'ina matan nan. A wani wuri ya ga ana tsaga sabon lungu. Ɗakunan suka ja da baya, suka buɗe fili a tsakaninsu, nan take aka ɗora sababbin tukwane. Bai buƙaci a faɗa masa saboda wa ake wannan aikin ba.

Ƙofa ta farko ba ta da ƙyaure ko mai gadi. Ƙamshi ne kawai, mai kaifi, ya shiga hancinsa ya hau kansa har lungun ya fara juyawa. Muryoyi da yawa suka yi magana lokaci ɗaya, sirara.

"Ya kai ɗan Adam, mu ne Masu Tashi. Ba mu da jikin da za ka sara. Wa ya yi maka iso?"

Ya ce ba kowa. Ƙamshin ya ƙaru, idonsa ya rufe. Ya ce 'yarsa ce ba lafiya. Ƙamshin ya ƙaru. Sai a lokacin ya gane abin da ya bari a waje.

"Salamu alaikum," in ji shi, murya a shaƙe.

 Sannan aka amsa masa, a gajarce, irin amsar da ake yi wa wanda ya riga ya shigo tsakar gida. Suka ce su ne ƙamshin da mutane ke yabo a kasko, amma ba don ado aka yi su ba. Su ke korar ƙwari tun daga nesa, su ne kuma ke riƙe ruwan nan da laushi. Ranar da iska da rana suka kwashe su, abin da suka bari sai ya zama dutse. Suka buɗe masa hanya, suka ce ya riƙe wannan maganar, za ta yi masa amfani.

A ƙofa ta biyu wasu ƙarti ne zaune, jikinsu rawaya, ana ganin haske ta cikinsu. In ɗayansu zai ɗaga hannu sai ka gaji da jira. Babbansu ya miƙo masa ƙoƙo.

"Mu ne Masu Daskarewa. Ka zo neman magani. Ga shi, sha."

Ya kurɓa. Bai taɓa sanin akwai ɗaci irin wannan a duniya ba. Maɗaci zuma ne a kansa. Harshensa ya naɗe, haƙoransa suka manne. Babban ya ce sai ya shanye. Da ya ga ƙasan ƙoƙon, suka gaya masa cewa ɗacin nan su suke haɗa shi don ya kashe ruɓa a bakin ciwo, ya toshe bakin duk mai huda.

"Abin da kuke kira magani, mu ɗaurin rauninmu ne. Ba mu taɓa dafa komai don ku ba."

Ƙofa ta uku a toshe take ƙam. Wasu tsofaffi ne farare suka cunkushe a cikinta, sun bushe sun manne da juna. Muryarsu kamar ana taka busasshen ganye. Suka ce su ne Masu Narkewa, wuta ba ta buɗe su, ƙarfe ba ya buɗe su, sai ruwa. Ya ba su ruwa su ba shi hanya.

Ba shi da ruwa. Ya tara yawu, ɗacin ya busar da bakinsa. Ya tura da kafaɗa, ko gezau. Ya zauna a wurin, bai san iya daɗewar da ya yi ba, don cikin itace ba rana ba inuwa. Ya tuna yadda Kyauta ta kama yatsansa da safe, hannunta da zafi, ta ce Baba ya dawo da wuri. Bai yi niyya ba. Hawayen ne suka zo da kansu, suka ɗiga kan ƙafar tsoho na farko. Tsohon ya yi laushi, ya ja na kusa da shi, toshiyar ta narke kamar gishiri a miya.

Bayan ƙofar wata tsohuwa ce zaune kan tushen reshe. Fatarta na saluɓewa kamar ta itacen, ƙugunta a ɗaure da tsumma, tsumman ya jiƙe da farin ruwa zagaye guda. Wannan karon bai jira ba, ya durƙusa ya yi sallama.

"Wa alaikas salam, ya kai mai gizago. Ni ce Uwar Hano. Tashi, ba nan za a yi shari'ar ba. Sai ka ga abin da ka yi."

Ta kama hannunsa suka hau. Ta nuna masa wata hanya daban, can ciki kusa da ɓawo, cike da ayari. Dubban 'yan dako ne ke saukowa daga ganye, kowanne da tulun ruwan zaƙi a ka. Ta ce da wannan zaƙin ake ɗora kowace tukunya a gidan, da shi kuma ake ciyar da na ƙasa. Suka bi ayarin har inda hanya ta yanke. Wani ƙaton kwazazzabo ne, iska na shigowa ta cikinsa, ya zagaye gidan duka. 'Yan dako sun yi cirko-cirko a bakinsa, na baya na turo na gaba. Ta wuri ɗaya kawai ake wucewa, wata siririyar gada ta arewa, ɗaya bayan ɗaya. Gefenta ya fara bushewa yana tsagewa.

Suka tsallaka, suka yi ta gangara har haske ya ƙare. Can ƙasa, cikin sanyi, ya ji numfashi. Saiwoyi ne, makafi, bakinsu a buɗe yana kallon sama. Su ke tura ruwa zuwa ganye, ganye ya aiko musu da abinci. Wata ƙarama daga cikinsu tana jan numfashi da ƙyar, yana fita siriri.

Haladu ya kau da kai. Ya san wannan sautin.

"Ranki ya daɗe, ban sani ba."

"An faɗa maka," in ji ta. "Tabawa shekara arba'in tana zuwa ƙofata. Ba ta taɓa ɗaukar abin da ya fi tafin hannu ba, ba ta taɓa barina a buɗe fiye da kwana uku ba. Ka sha nononta, ba ka sha hankalinta ba."

Ta yanke hukunci a tsaye. Gadar nan in ta bushe, gidan ya mutu. Za a kafa shi a gefenta, bayansa ya tare iska, a zuba masa ruwan gidan ya riƙe shi. Muddin Masu Tashi na tare da shi zai yi numfashi. Ran na uku, in rana ta take tsaka, za su tashi, shi kuma ya zama ɓangaren bango kamar ƙwaron da ya yi masa maraba.

Ya tambayi maganin 'yarsa. Ta ce abin da ya riga ya zuba waje ya fita hannunta, duk wanda ya yi sallama ya ɗauka. Ya tambaya ko akwai fansa. Ta ɗaga yatsa ɗaya.

"Akwai ƙofa ɗaya. Ba ta buɗewa sai da muryar wadda ta buɗe maka ƙofar duniya. Ta rufe mini rauni, ta kira ka da sunanka na yanka kafin rana ta take. Ba laƙabi, ba habaici."

Haladu ya yi irin dariyar da ya yi da safe.

Aka kafa shi. Ruwan ya kama ƙafafunsa, ya kama ƙugunsa. Ta gabansa 'yan dako na wucewa, ba mai ce masa sannu. Ta gefen idonsa yana ganin duniya ta cikin ɗigon, rawaya, a karkace: dutse, gizagonsa, takalminsa ƙafa ɗaya. Kadangare ya zo ya leƙa shi ya gyaɗa kai ya wuce. Ya yi kira, muryarsa ba ta fi ta sauro ba. Kullum ƙamshin na raguwa, kullum riƙon na ƙara tauri. Ran farko yana iya juya kafaɗa. Ran na biyu wuya kawai. Ya yi ta lissafin mutanen da ke kiran sunansa a banza, abokan dara, mai shayi, direban da ke zuwa ran kasuwa. Sunan da ake jifa da shi a titi, shi ne ya gagara a gidansu. Hansai ma Baban Kyauta take cewa.

Ran na uku da hantsi ya ji sanda na bugun dutse.

Iya ce, tana hawa tana hutawa. Hansai na biye da ita da ƙwaryar laka a ka. Ya ji tana faɗa wa Iya cewa an duba rijiya, an duba tasha, ba wanda ya gan shi. Iya ta ƙarasa hawa. Ta tsaya nesa kaɗan, ta gyara mayafi.

"Salamu alaikum, Hano. Mun zo da laifi."

Ya ji dukan gidan ya amsa, tun daga ganye har saiwa.

Ta zagaya itacen tana shafa saran da hannu. Da ta ga iyakarsa sai ta dafa dutse. Ta dubi gizagon, ta dubi takalmin ƙafa ɗaya, ta daɗe a kansa. Sannan ta ɓamɓare ƙaron da ya taru, fari da rawaya, ta ƙulle a bakin zane ta miƙa wa Hansai. Ta ce ta sauka yanzu, ta sa a garwashi, ta lulluɓe yarinyar da zane ta shaƙa, kada ta tsaya gaisawa da kowa. Hansai ta ce Baban Kyauta fa? Iya ta ce ta tafi.

Wani abu ya sauka daga ƙirjin Haladu. Ko ba komai, maganin 'yarsa ya fita.

Iya ta jawo ƙwaryar. Ta fara shafe raunin daga gabas, ta bi ta kudu, ta yi yamma, a hankali, tana danna lakar da babban yatsa yadda take yi wa kowane ciwo. Inuwar itacen na ta janyewa zuwa gindinsa. Masu Tashi suka fara yi masa sallama ɗaya bayan ɗaya, suna fita ta saman kansa. Riƙon ya hau ƙirjinsa, ya hau wuyansa.

Ta iso arewa. Fuskarta ta cika masa duniya. Bai taɓa ganinta kusa haka ba, duk tsagar da ke kumatunta, duk jijiyar da ke idonta. Ta tsaya da curin laka na ƙarshe a hannu, tana duban ɗigon da yake ciki.

"Kai," in ji ta a hankali. "Kai, wannan."

Ba abin da ya motsa.

"Mai sunan Malam."

Uwar Hano ta zo ta tsaya kusa da shi, hannu a baya. Ta ce ba laƙabi.

Iya ta waiwaya. Ba kowa a kan dutsen, Hansai ta yi nisa. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta kamar amaryar da aka shigo da ita gaban surukai.  Shekara talatin da ɗaya sunan na kwance a ƙarƙashin harshenta, bai taɓa ganin rana ba. Haladu ya so ya ce mata ta bari, ya yafe, ya so kuma ya ce ta yi sauri. Riƙon ya riga ya kai haɓarsa.

Inuwa ta shige ƙarƙashin itacen.

Ta buɗe baki.

"Ha..."

Numfashinta ya sarƙe a nan. Sautin ya shiga ta bakin raunin, ya bi lunguna, matan ɗakuna suka saki muciya, 'yan dako suka tsaya da tuluna a ka. Na ƙarshen Masu Tashi ya tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje.

Uwar Hano ta sunkuyo daidai kunnensa.

"Ya kai ɗan Tabawa, ni da kai da harafi ɗaya muka fara. Wa take kira a cikinmu?"